Raƙuman dawa sun ƙaru, amma jininsu fa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in tofa albarkacin bakina kan murnar da ake yi cewa raƙuman dawan Jamhuriyar Nijar sun farfaɗo. A 1996 guda 49 kacal suka rage a yankin Kure, kudu maso gabashin Yamai, yau kuwa sun haura 600. Maƙwabtanmu sun cancanci yabo. Sai dai duk waɗannan ɗaruruwan zuriyar waɗancan 49 ɗin ne, kuma a nan damuwata take.

A jikin kowace dabba mai shayarwa akwai wasu ƙwayoyin gado da masana ke kira MHC. Aikinsu shi ne su ɗauko ɗan guntun ƙwayar cuta, ko na tsutsar ciki, su nuna wa garkuwar jiki domin ta gane maƙiyi ta far masa. Kowane nau'i yana da cututtukan da yake iya ganewa da waɗanda suke wuce shi. Dabba tana gadon kashi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In iyayen ba dangi ba ne, sai ta tashi da nau'i biyu mabambanta, ta gane cututtuka da yawa. In kuwa garke ya ƙanƙance har 'yan'uwa suka koma barbarar juna, nau'o'in sai su yi ta ɓacewa, kuma ko garken ya sake yawa, abin da ya ɓace ba ya dawowa da wuri. Makiyayanmu na Mai'aduwa da Zango ba su karanta wannan a littafi ba, amma ba sa barin bajimi ɗaya ya daɗe a garke yana hawan 'ya'yansa.

Rabbi, dabbar nan da ta fi kowace gudu a tudu, ita ce misalin da aka fi sani. Jininsu ya yi kama da juna har aka taɓa dasa wa wasu fatar waɗanda ba danginsu ba, jikinsu bai ƙi ta ba. A farkon shekarun 1980 wata cutar kyanwoyi ta shiga wani gandun namun daji a jihar Oregon ta Amurka, ta kashe kusan kashi 60 cikin 100 na rabbin da ke wurin, alhali zakunan gandun ba ta yi musu wata ɓarna ba. Na san rabbin da ke dajin Namibiya suna cikin ƙoshin lafiya duk da wannan gado nasu. A ganina hakan yana nufin matsalar tana iya kwanciya shekaru, sai ranar da baƙuwar cuta ta iso.

Baƙuwar cuta kuwa galibi daga gidajenmu take fita. A 1994 wata cutar karnuka ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan Serengeti a Tanzaniya. Raƙuman Kure a cikin gonaki da shanu suke kiwo, kaskarsu ɗaya, mashayarsu ɗaya.

Akwai magani, kuma an gwada. A 1995 an kai matan damisa takwas daga jihar Texas ta Amurka cikin damisar jihar Florida, wadda ba ta wuce 30 ba, ciwon zuciya da rashin haihuwa sun addabe ta. Da jini ya gauraya, sai lafiya ta samu, yawansu ya ninka. Kai raƙuma takwas Gadabeji a jihar Maraɗi da aka yi a 2018 dabara ce mai kyau, don kada annoba ɗaya ta share su duka, amma bai kawo sabon jini ba, tunda daga garke ɗaya aka ɗebo su.

Mu nan Katsina, dajin Rugu ya riga ya rasa manyan namunsa, rashin tsaro ma ya hana a leƙa. Amma giwayen Yankari suna nan, a keɓe su kaɗai. Ina kira ga jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-ma su haɗa kai da cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Daga kashin dabba ana iya ƙidaya ƙwan tsutsa, a kuma ciro ƙwayoyin gadonta, ba sai an kama ta ba. Sannan a riƙa yi wa shanu da karnukan ƙauyukan gefen daji rigakafi kowace shekara.

Wassalam.

Wani mai karatunku,
Daura, Jihar Katsina