Tuwon Sallah a Bene na Huɗu

Jidda, 1 ga Shawwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Inna da Baba da duk mutanen gida. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an sauko daga Idi lafiya. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Mu ma nan ƙalau muke, ni da maigidan da yara, sai dai gumin bakin teku da ba ya raga wa kowa.

Na kira ɗazu amma hayaniyar tsakar gida ba ta bari mun ji juna ba. Waya sai yawo take daga hannu zuwa hannu, kowa ya ce barka da Sallah ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, Auta ta karanta muku in ƙafa ta ɗauke.

Mun riga ku sallar Idi nesa ba kusa ba. Agogonmu yana gaban naku da awa 2, ga shi a nan rana na fitowa da kamar minti 15 ake tayar da sallah. Lokacin da muka fito daga masallaci ana rabon dabino da cakulan, ku a sannan ake kiran asuba, Baba bai ma ciro babbar rigarsa ta zuwa Ƙofar Mata ba. Daga masallaci mutanen nan sai su wuce babban gidan danginsu su karya da cuku da zaitun da burodi da wani abin zaƙi da suke kira dabyaza, busassun 'ya'yan itatuwa da dangin gyaɗa ne ake dafawa su yi kauri. Su sha gahawa, a raba wa yara sababbin riyal, shi ke nan sai barci. Wallahi Inna, da hantsi na leƙa ta taga, ko kyanwa babu a titi. Ranar Sallah fa! Ba ganga, ba algaita, ba 'yan mata da sabon lalle suna gulmar ɗinkin juna. Sai bayan magariba garin zai farka, don wata guda suka yi sun mai da dare rana.

Ni kuwa tun azumi na goman ƙarshe na ƙudura sai na tuƙa tuwon Sallah da miyar taushe, ko da ni kaɗai zan ci.

Kada ku ce abincinsu ne ba daɗi. Yana da daɗi, kuma na iya. Kabsa yanzu ido rufe nake yinta: a soya albasa da tumatir, a jefa busasshen lemon tsami baƙi da kirfa da kanumfari da 'yar ƙwayar ƙamshin nan da suke kira hel, a dafa kaza a ciki, a zuba doguwar shinkafa a romon. Akwai mandi na mutanen Yaman, wanda asalinsa a rami ake gasa naman. Akwai salig na mutanen Hijaz, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara har ta narke. Akwai jarish, ɓarzajjiyar alkama da nono, wanda a 2023 hukuma ta ce shi ne abincin ƙasa. Duk na ci, wasu ma na ƙara. Damuwata da su ɗaya ce, komai a tukunya guda ake gamawa. Mutum ya ci ya ƙoshi, amma hannunsa bai yanko loma ya dangwali miya ba. Ni in ban ga miya a gefe ba, gani nake ban yi girki ba.

Shinkafar ce ta fara ba ni aiki. Basmatin da kowa ke ci a nan an yi ta ne don ta warware, ko kwana za ta yi a wuta ba za ta kama jikinta ba. Gajeriyar shinkafar Masar ce ke yin tuwo. Tun dare na wanke ta na jiƙa, da muka dawo daga Idi na ɗora ruwa mai yawa, na bar ta ta dahu har ta yi luguf, na tuƙa da muciyar nan da kika cusa mini a akwati ina cewa ta yi nauyi. Na rufe ya turara, na sake tuƙawa, sannan na kwashe a leda. Ya yi fari tas, ya yi danƙo, ba gudaji. Sai dai tukunyar irin wadda abinci ba ya kamawa ce, ko ƙanzo ɗaya babu. Na tsaya da cokali a hannu ina kallon gindin tukunya fes, na tuna yadda ni da Yaya muke kokawar kankare babbar tukunyar ƙarfen nan, kina daga ɗaki kina cewa za mu huda miki ita.

Kayan miyar kuwa sai da na zaga rabin Jidda. Kabewa da tattasai da alayyafo a babbar kasuwar kayan lambu da ake kira Halaga. Yakuwa a shagunan Indiyawa na Sharafiyya, ashe su ma suna miya da ita. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa a wurin Sudaniyawa, su ne kuma ke da busasshiyar kuɓewa da zoɓo. Nama na ragon Sudan na saya, wanda suke ce wa sawakni, don ragonsu na nan mai kitsen bindi ya cika maiƙo, miya sai ta yi ta iyo da mai. Na ce wa mahaucin ya haɗa mini da ƙashi mai ɓargo, ya yi ta mamakin mai biyan kuɗi tana roƙon ƙashi. Attaruhu ne ban samu mai ƙamshin namu ba, dogon koren barkononsu zafi kawai gare shi, sai na ƙara da dakakken yajinki.

Daddawa kuma, Inna, sauran 'yar wadda kika aiko ce. A firiza take, cikin leda cikin leda cikin gwangwani, ba na taɓa ta sai da dalili. Yau na ce in ba a ci ta ranar Sallah ba sai yaushe, na daka ta duka.

Yadda kike yi haka na bi. Na tafasa naman da albasa da citta da daddawar, na sa kabewa a romon ta dahu, na tsame na dame ta. Na soya jajjage a manja har ya daina kumfa, na juye romo da nama, na mayar da kabewar, na dama gyaɗa da ruwan ɗumi na zuba ina juyawa don kada ta kama. Ganye a ƙarshe, alayyafo da yawa, yakuwa 'yar kaɗan, tunda kin ce tsamin taushe a bayan harshe ake son jin sa. Na yanka albasa a kai na rage wuta. Man shanu babu, samnansu na gwangwani na soya da albasa, ya ɗan yi kama, amma bai kai na Fulanin da ke kawo miki ba.

Ki tuna a bene muke, tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki. Kafin miya ta nuna, ƙamshin daddawa ya cika falo, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya sauka matattakala. Maigidan ya farka yana murmushi, wai a mafarki ya ga kansa a zauren gidansu. Babban jikanku kuwa ya toshe hanci ya tambaye ni da Larabci me ya lalace a kicin. Na ce gidanku, abin da ya raini uwarka ke nan.

Na ɗanɗana, ta yi. Ba zan ce ta kamo taki ba, tunda babu hayaƙin itace, amma da za a ajiye wa Baba ba zai ture ba. To, da na jera malmala a kula, a nan ne abin ya taso mini. A gida ai ba don cikinmu ake tuwon Sallah ba. Tun kafin a sauko daga Idi an jera langa da samira a tsakar gida, kina tsaye da mara kina lissafi: wannan na gidan liman, wannan na gidan Gwaggo, wannan na maƙwabtan bayan gida, wannan na almajirai. Mu yara mu yi ta safa da kwano a ka, mu dawo da na wasu gidajen, har a rasa wane tuwo ne na wa. Kafin azahar an ci hannun mata goma ba a bar tabarma ba, ana yi ana cewa wance ta cika gishiri, wance bana ta yi abin kirki. Ni ga tuwo ga miya, ga ƙofofi a rufe. Shekara da shekaru muna hawa lif tare da mutanen benen nan, daga sallama ba a ƙara komai. Na shiga ɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Da la'asar na ce ai ba a hana ba. Na zuba a 'yan kuloli na ɗora wa yaran, na ce su ƙwanƙwasa. Mai gadin gidan, ɗan Bangaladash, ya karɓa da hannu biyu. Matar Bayamane da ke ƙasanmu ta hawo da kanta tana tambayar da me aka yi, ta ce su ma suna da tuwon gari da suke kira asida, da hannu suke ci kamar mu. Ta Masar ban san ko ta ci ba, amma kular ta dawo cike da cincin ɗinsu mai garin sukari, don su ma ba sa mayar da kwano haka nan.

Babbar kula kuwa gidan wata tsohuwa na kai da kaina, wadda yarana ke kira Kaka. Bahaushiya ce haifaffiyar Makka. Kakanta da ƙafa ya taho, ta Barno da Chadi da Sudan, ana tafiya ana tsayawa noma, har suka hau jirgin ruwa a Sawakin. Irinsu suna da yawa a Makka da Madina da nan Jidda, 'yan ƙasa ne, sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi a takardunsu. Wanda ya riƙe wa Saudiyya kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi, ai ɗan irin gidajen nan ne. Ita ba ta taɓa taka Kano ba, amma har yau ba ta kwana biyu ba ta kaɗa miyar kuka ba, kuma 'yan uwanta ne ke gasa tsiren da Larabawa ke layi a kansa da daddare. Akwai wasu danginta a gidan, Hausawan Sudan, asalinsu Mai Wurno, sun tsallako bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023. Muka baje a ƙasa muka sa hannu a kwano ɗaya. Tsohuwa ta kai loma ta yi shiru, can ta ce, 'yata, gyaɗarki ta yi yawa, amma daddawar nan ta gida ce. Ta suɗe yatsu, ta sa aka ɓoye mata sauran don ɗumamen safe. Ni kuma na taho da asidar dawa da miyar busasshiyar kuɓewa ta 'yan Sudan ɗin.

Jikokinku dai loma bibbiyu suka yi, ƙaramar ma da cokali, suka ce alƙawarin kazar Albaik da babansu ya yi musu fa? Anjima za mu kai su bakin teku su ga ruwan nan mai tsiri sama na Sarki Fahad da wasan wuta. Ina iya ƙoƙarina a kan Hausarsu da cin tuwonsu, a taya ni da addu'a.

Baba, ina gaishe ku ƙwarai, ya jiki, ya ƙafar? Don Allah a rage zuwa kasuwa da tsakar rana. Jallabiya da dabinon Ajwa suna hannun maƙwabcinmu da ya zo umarar azumi, turaren na Inna ne.

A gaishe mini da Hajiya Kaka, a faɗa mata da ƙarfi kusa da kunnen dama. A ce mata kishiyarta ta Jidda ta yi tsawo har ta fara ɗaura ɗankwali, ta ce ta zo ta karɓi mijin in ta isa. Na san an kai mata tuwonta da taushi, an cire mata ƙashi, kuma na san ta ce miyar bara ta fi. Ba ranar da ba na tuna yadda take ɓoye mini tsokar nama a ƙarƙashin malmala don kada Yaya ya gani. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa in dawo in same ta. A ce mata na yi mata ɗawafi a azumin nan, na kuma ambaci Malam, Allah ya jiƙansa.

Yaya Babba da iyalinsa, ina gaisuwa, a shafa mini kan mai sunan Baba. Gwaggo, na ji saƙonki, ban manta ba. Kawu da mutanen Kurna, Baffa da mutanen ƙauye, gidan liman, duk a gaishe su. Amaryar gidanmu, sannu da aiki, na san yau hannunki ya sha muciya, haka muka sha kafin ki zo. Matar da ke yi mana kitso, da mai markaɗen bakin layi da ya sha masifata a jajibere, su ma ina gaishe su. Auta, ke kuma ba ni da ta cewa sai na ga hoton ɗinkinki, kuma barka da Sallarki tana wurin Yaya, kada ya ce miki ban aiko ba.

Inna, maniyyata sun kusa fara tasowa. In an sami mai zuwa na hannu, a haɗo mini daddawa mai yawa, da kuka, da busasshen attaruhu, da kanwa, da ɗan man shanu a toshe bakin sosai. A daka daddawar a shanya ta bushe kafin a ƙulle. Goro kam kada a sa ko ƙwaya ɗaya, an hana shigowa da shi, kada a ja wa bawan Allah wahala a filin jirgi.

Maigidan yana gaishe ku da kyau, ya ce zai kira Baba gobe bayan azahar ɗinku.

Wassalam,
'yarku ta Jidda

Af, Gwaggo ta aiko da tsawon abayar daga kafaɗa zuwa idon sawu, kuma ta faɗa baƙa take so ko mai ruwan toka.