Wasiƙa daga Guangzhou

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna, tana shan maganin kuwa?

Labari ya iso mini cewa Kawu yana so a kai mundayen azurfar Inna da sarƙar da ta gada wurin Hajiya Babba kasuwar Kurmi a sayar, wai a cika kuɗin kayan ɗakin Auta. Yaya, don Allah kada ki yarda. Na turo dubu 350 ta hannun mai canjin da kika sani, ragowar sai ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ki karɓa da hannunki, kada ki aiki kowa.

Na san hoton da na ɗora a WhatsApp ne ya jawo surutun wai na yi arziki na manta da gida. Shagon da ke cikin hoton ba nawa ba ne. Maigidana na raka Kaili, can cikin duwatsun lardin Guizhou na ƙasar Sin, wurin ƙabilar Miao. Yaya, da kin ga 'yan matansu ranar biki! Hular azurfa mai ƙaho irin na bijimi, zobban wuya a jere har haɓa, bayan riga duk faranti da ƙararrawa, suna tafiya ana jin cas-cas. Wata sai ta ɗauki abin da ya haura kilo 10 a jikinta. Kuma ba masu kuɗi ba ne, manoman shinkafa ne a gefen dutse. Tun yarinya tana ƙarama uwa ke fara tara mata, kaɗan-kaɗan, har ranar aurenta. Yankin nasu ma ba a haƙar azurfa sosai, da can tsabar kuɗi suke narkarwa. Akwai wani ƙauye, Kongbai, da aka san shi da maƙeran farfaru, ɗa yana gadar uba, kuma tun 2006 gwamnatin Sin ta sa sana'ar cikin al'adun da take karewa. Su suna tarawa, mu kuma za mu kai namu kasuwa saboda kujeru?

Ki faɗa wa Auta ta daina turo mini hotunan hular nan. Yawancin na shagunan baƙi farar tagulla ce aka wanke da ruwan azurfa, in ta sha gumi sai ta nuna halinta. Na saya mata 'yan kunne na gaske, a gabana aka auna. Kada ta ji nawa ne.

Ni lafiya lau. Kasuwa ta ɗan ja baya, maganar biza ma ana kai, ba abin da za a gaya wa Inna ba ne. Na san rasuwar Baba ba na nan, bikin nan ma da wuya in zo, duk nauyin a kanki yake. Ki yafe mini.

Amma mundayen nan, ki ɗauke su daga ɗakin Inna ki kulle a akwatinki. In Kawu ya yi magana, ki ce ni na hana, ya kira ni.

Ƙanenki