Roƙon Tallafi: A Taimaka Mana Mu Dawo da Darasin Kiɗa da Waƙa Cikin Aji

Assalamu alaikum iyayen yara, tsofaffin ɗalibai da duk mai son ci gaban wannan makaranta.

Kwamitin iyaye da malamai ne ke gaishe ku, kuma da ƙoƙon bara muka zo. Muna so daga zango mai zuwa darasin kiɗa da waƙa ya samu gurbinsa a jadawalin makarantarmu ta firamare, sau biyu a mako ga kowane aji, da malaminsa da kayan aikinsa. A takarda darasin yana nan tun tuni. A aikace kuwa, shi ake fara zaftarewa da zarar jarrabawa ta ƙarato.

Abin da ya zaburar da mu, da idonmu muka gan shi. A zangon da ya wuce wata malamar aji uku ta riƙa ware minti ashirin kafin a tashi tana koya wa yaranta waƙa. Ba ta da kayan kiɗa, sai tafi da saman tebur da gwangwanaye biyu da ta zuba wa tsakuwa. Mu biyu daga kwamiti muka leƙa wata rana. Akwai yaron da duk malamai sun haddace sunansa, don ba ya minti biyar a kan benci. Shi ta miƙa wa gwangwani ɗaya, ta ce a ƙirga bugu bakwai, na takwas ne nasa. Karo na farko ya yi riga malam masallaci. Na biyu ma haka, aji ya kwashe da dariya. A na uku sai muka ga leɓɓansa na motsi yana ƙirge, idonsa ƙyam a kan hannun malama, ya kaɗa daidai wurin. Ba a ɗaga masa bulala ba, ba a daka masa tsawa ba, shi ne kawai ba ya so ya ɓata wa 'yan ajinsu waƙa. Can baya kuma ga wata yarinya mai i'ina wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji, ta rera baiti guda cur ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba. Masu kula da matsalar magana sun daɗe da sanin cewa yawancin masu i'ina bakinsu kan saki in suna waƙa, amma mu ranar muka fara gani.

Babban abin da darasin ke koyarwa shi ne saurare, karatu kuwa daga kunne yake farawa. Kafin yaro ya haɗa baƙi da wasali, sai ya iya jin inda gaɓar kalma ta fara da inda ta tsaya. Ku duba Hausar da muke rubutawa: wuya na jiki da wuya ta wahala harufansu ɗaya, hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba su, rubutunmu kuma ba ya nuna wannan. Kunne ne ke cike giɓin. Farfesa Usha Goswami ta Jami'ar Kambirij a Ingila ta shafe shekaru tana nazarin yaran da karatu ke yi wa tirjiya, ta kuma nuna cewa da yawansu suna shan wahala wajen bin bugun kiɗa da jin nauyin gaɓoɓi. Tafin da yara ke yi suna rarraba kalmar waƙa gaɓa-gaɓa, horon karatu ne.

Lissafi ma yana ciki. Sauti mai bugu huɗu ana raba shi biyu, a sake raba shi, a sake. Yaron da ya tafa wannan da hannunsa ya riga ya san rabi da rubu'i da sumuni tun kafin a zana masa su a allo. In aka danne tsirkiyar abin kiɗa a daidai tsakiyarta aka kaɗa, sautinta na asali ne zai fito amma a sama, don tana kaɗawa ninki biyu. Wannan sani ya haura shekara 2,000, da sunan Fitagoras na Girka ake danganta shi, kuma Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi a kan ilimin kiɗa inda ya auna sautuka da lissafi.

Sai dai ba za mu yi muku romon baka ba. A 1993 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Irvine sun sa ɗalibai 36 sun saurari kiɗan Mozart, wani shahararren makaɗin Turai, na minti goma, makinsu ya ɗan ɗaga a wani gwaji na hasashen siffofi, ɗagawar kuma ba ta wuce kwata na awa ba. Jaridu suka zuzuta abin, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya a Amurka ya nemi a raba wa jarirai faifan kiɗa. Waɗanda suka sake gwajin daga baya ba su ga wani abin a zo a gani ba. Kunna wa yaro kiɗa ba ya ƙara masa basira. Amfanin yana cikin yi da kansa, mako bayan mako, ya kuskure a gyara masa, ya rage murya don a ji na kusa da shi.

A taron da ya gabata wani uba ya miƙe ya ce shi karatu ya kawo ɗansa, bai kawo shi ya zama makaɗi ba. Maganarsa abin dubawa ce. Amsarmu ita ce muna koyar da lissafi ba don kowane yaro ya zama akanta ba. Waƙoƙin da za a koyar kuma kwamiti zai tantance su, za a liƙa kalmominsu a allon sanarwa kowane uba da uwa su karanta kafin su shiga bakin yara. Ba za a taɓa lokacin karatu ko na lissafi ba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ya lissafa wasa da shiga harkar fasaha cikin haƙƙin kowane yaro.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne aikin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Zoltán Kodály na ƙasar Hangari ya gina tsarinsa na koyar da kiɗa a kan muryar yaro da waƙoƙin harshen uwa, aka buɗe firamare ta farko mai bin tsarin a garin Kecskemét a 1950, yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama. José Antonio Abreu na Benezuwela da matasa 11 ya fara a 1975, a wurin ajiye motoci a Karakas, shirin nasa na koyar da kiɗa mai suna El Sistema ya zo ya kai ga dubban ɗaruruwan yara, akasarinsu 'ya'yan marasa ƙarfi.

Mu namu burin bai kai can ba. Muna neman sarewar roba mai ramuka takwas ga kowane yaro na aji huɗu zuwa shida, kowa da tasa, tunda abin sawa a baki ne ba a karɓa-karɓa. Muna neman ƙananan ganguna da kacau-kacau da za su ishi aji guda a lokaci ɗaya, da ƙaramin piyano mai aiki da batir don malami ya riƙa ba yara sautin farawa, da kabad mai makulli. Mafi nauyi shi ne alawus ɗin malamin kiɗa na shekara guda, wanda zai kuma horar da malamanmu biyu, don kada ranar da ya tafi darasin ya bi shi.

Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, da yayyafi kogi kan cika. Mai kuɗi ya ba ma'ajin kwamiti a ofishin shugaban makaranta, ya karɓi rasit nan take, kada ya bar wurin ba tare da shi ba. Wanda ke da jita ko ganga da ƙura ta rufe a ɗaki, ya kawo, za mu gyara. Kafinta da zai haɗa mana kabad ya sauke mana babban nauyi. Tsohon ɗalibin da ya iya wani abin kiɗa, awa ɗaya a mako ta ishe mu. A ƙarshen kowane zango za mu karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a taron iyaye, mu kuma liƙa kwafi a allon sanarwa.

Mai shakka ya zo ya zauna a bayan aji uku minti ashirin kafin a tashi, malamar ta ce ƙofarta a buɗe take. An ce gani ya kori ji, ko da yake a wannan darasi duka biyun za ku samu. Muna so mu sayi sarewun kafin a dawo hutu, don haka littafin gudummawa yana ofis daga gobe da safe.

Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a.

Kwamitin Iyaye da Malamai