Hayaƙin siminti da ranar Sakkwato: a gwada fasahar filasma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masana da hukumomin jiharmu kan binciken mayar da iskar kabon dayokside ta zama mai da sinadarai ta hanyar filasma.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon mai walda yana kare idonsa daga shuɗin hasken nan ya ga filasma, haka ma wanda ya ga walƙiyar damina. Iska ce da wutar lantarki ta ratsa har ƙwayoyinta suka wargaje. Kabon dayokside iska ce mai taurin kai, ba ta rabuwa sai da zafi mai tsanani, amma a cikin filasma takan rabu ta ba da kabon monokside da oksijin. Idan aka haɗa kabon monokside da haidurojin, ana iya samar da metanol (wani sinadari mai kama wuta), ko dizil da kananzir ta hanyar da masana kimiyya Fischer da Tropsch suka gano a Jamus a 1925, wadda ake aiki da ita a masana'antar mai ta Escravos da ke Jihar Delta.

Dalilin da ya sa na ce abin ya dace da mu shi ne, masana'antar siminti ta Kalambaina, kamar kowace irinta, tana fitar da kabon dayokside idan aka gasa dutsen farar ƙasa, ga kuma rana wadda ba sai an faɗa wa Basakkwace ƙarfinta ba. Na'urar filasma tana kunnuwa ta mutu nan take, saboda haka tana iya bin wutar sola, ta yi aiki da hantsi ta huta da magariba.

Sai dai kada a yaudare mu, domin makamashin wutar da ake zubawa ya fi na man da ke fitowa yawa, kuma raba oksijin da kabon monokside yana da tsada. A Norwe an taɓa yin takin zamani da tartsatsin lantarki, wato filasma, tun farkon ƙarni na 20, amma cin wuta ya sa aka bar hanyar. Wanda zai kunna janareto don yin wannan aiki ya yi asara tun kafin ya fara.

Shawarata ita ce gwamnatin jiha da masu siminti su tallafa wa Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta haɗa ƙaramar na'urar gwaji mai aiki da sola, a auna lita nawa take bayarwa da kuma kuɗin da kowace lita ta ci, sannan a buga sakamakon kowa ya gani.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Runjin Sambo, Sakkwato