A ba mu mita, a auna mana wuta a gabanmu

Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wutar lantarki. Ni mai walda ne, yara huɗu ke koyon aiki a wajena, duk ranar da babu wuta to sai dai in tada janareta, man fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san inda ya kai.

Masu neman wuta ƙaruwa suke kullum. Layinmu da na sani da injin niƙa ɗaya da shagon tela, yanzu ga masu ƙanƙara ga masu cajin waya ga masu aski, firiji kusan kowane gida, ga sababbin unguwanni ana ta yankawa a bayan gari. Amma abin da ƙasar nan ke rabawa har yau yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. A 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta guda 11, aka ce mana gyara ya zo.

Wallahi ni ba ƙarancin ne ya fi ci min rai ba, rashin gaskiya a cinikin ne. In ka je sayen gero mai hatsi a gabanka yake cika mudu kana gani, amma wuta sai a kawo maka bil na ƙiyasi babu mita, wanda ya rubuta bai taɓa leƙa shagonka ba. A Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace Arewa ta kwashe kwanaki a duhu, ko walda ɗaya ban yi da wutarsu ba, wata na ƙarewa sai ga takarda kamar yadda aka saba. Na je ofis da ita a hannu, aka ce in fara biya tukuna sannan a duba.

Tiransifomarmu da ta ƙone gida-gida muka bi muna karo-karo, har wata tsohuwa mai ƙosai ta ciro kuɗi daga bakin zani ta bayar, alhali NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, ta sha faɗa cewa gyaran nan aikin kamfani ne ba na jama'a ba. Haka a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi kowa samun wuta, naira 225 kowane yunit bisa alƙawarin awa 20 a rana, to wa ke ƙirga awannin a gaban mai biya?

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai masu zagaye mita, akwai masu jona waya da daddare, kuma ma'aikaci ya hau tsani ya yanke, a ba shi na goro ya mayar, kuɗin bai shiga asusun kowa ba. Nauyin duk a kan mai biya tsakani da Allah yake faɗawa.

Roƙona ga NERC da kamfanonin nan, a sa wa kowane shago da gida mita, kuma duk ƙarshen wata a manna awannin da kowane layi ya samu wuta a ƙofar ofis kowa ya gani. In aka auna min a gabana zan biya ko da tsada ne, dama janareta ya fi cin kuɗina.

Naku,
Wani mai walda