Amsa ga Barista kan Tsarin Mulkin Japan

Ranka ya daɗe, Barista,

A gaban jama'a ka miƙe ka tambaye ni: nawa aka biya ni na yabi tsarin mulkin da sojojin Amurka suka rubuta wa Japan? Ka ƙara da cewa ban taɓa taka Tokyo ba. Wannan na bar maka ita, karanta kundi ba ya neman biza.

Zancen kuɗi ne ya ci mini rai. Ka san gidanmu, ka san motar da nake turawa kowace safiya. In Amurkawa ne ke biyana, to sun daɗe da riƙe mini haƙƙina.

Ban taɓa ɓoye asalin kundin ba. Ma'aikatan Janar MacArthur na Amurka ne suka tsara daftarinsa a Fabrairun 1946, cikin kusan mako guda, ƙasar tana ƙarƙashin mamaya. Abin da na yaba shi ne yadda masu mulki suka riƙe shi. Tun da ya fara aiki ranar 3 ga Mayun 1947, ko harafi ɗaya ba a sauya ba, kuma ba don rashin masu so ba. Jam'iyyar LDP, wadda ta fi kowace daɗewa tana mulkin Japan, ta daɗe da sa wa sashe na 9 ido, wanda ya haramta wa ƙasar yaƙi. Amma sashe na 96 ya ce sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun yarda, sannan a kai wa jama'a ƙuri'ar raba gardama. Shinzo Abe, Firaministan ƙasar a lokacin, ya bi ta bayan gida a 2014 da sabuwar fassarar sashe na 9, wannan kam ban yaba ba. Duk da haka ya sauka a 2020 bai samu gyaran ba, bai kuma tura tankoki majalisa ba.

Tunda kundin gida tsantsa kake nema, ga Thailand. Ba a taɓa yi mata mulkin mallaka ba, 'ya'yanta ke rubuta nasu da hannunsu. Daga 1932 zuwa yau sun yi kundi 20. Na 2017 ya zo ne bayan Janar Prayut ya yi juyin mulki a 2014 ya yage na baya.

Kuma Barista, kundin 1999 da kake ɗagawa a kotu kana cin abinci da shi, gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami ce ta miƙo mana shi. Ban taɓa jin ka tambayi kanka wa ya biya ka ba. Sai yanzu da ake raɗe-raɗin rabon kujerun kwamiti ne kishin ƙasa ya motsa maka?

Ka huta lafiya.