A Riƙa Kula Da Igiyar Ruwan Da Ke Dawowa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin ɗaliban injiniya masu kwaikwayon motsin ruwa a kwamfuta kan wani kuskure da ke damuna. Da yawa sukan kafa ma'auni guda, su karanta tsayin igiyar ruwa, su ɗauka an gama. Alhali igiyar da ta bugi bango takan dawo ta haɗu da mai zuwa, har tsayin ya kusa ninkawa a wani wuri, a wani kuma ruwan ya yi kamar bai motsa ba.

Tun 1976 masu bincike Goda da Suzuki suka nuna yadda ma'auni biyu ke rarrabe mai zuwa da mai dawowa, sai dai hanyar takan gaza idan tazarar ma'aunan ta yi daidai da rabin zangon igiyar, wato nisan da ke tsakanin ƙololuwar igiya ɗaya da ta mai bi mata, shi ya sa na fi amincewa da hanyar ma'auni uku ta masu bincike Mansard da Funke, ta 1980. Haka kuma, idan gidajen lissafin da aka kasa ruwan a cikinsu suka yi girma, igiyar takan ragu da kanta tana tafe, mai gwaji ya zaci bangon ne ya shanye ta.

Naku,
Mai karatu